Juyar Akuya da Takardun Bawa

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yan ɗana na fari. Kuna cewa ni na hana ubanku karatu saboda ƙwauron gona. Ban yi fushi ba. Wanda bai ga shekarun ba yana iya faɗin abin da ya ga dama. Amma shi ya riga ni tafiya, ni ma na kusa, kuma ba na son a rufe ni da maganar a baki. Shi ya sa na ce a rubuta. Ban yi allo mai nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban taka ba. Abin da na faɗa shi za a sa, ba ƙari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san ɗan fari ne. Ubanku zan riƙa cewa.

Abin ya faru ne lokacin da aka riƙe mana gonaki saboda aikin dam. Mutanen aikin sun zo da katafila suka ce kowa ya ɗaga hannu daga gonarsa, za a baje ƙasa a shimfiɗa hanyoyin ruwa, in an gama a mayar wa kowa da tasa. Suka ture gawo da tsamiya, suka share gambar da muke gane iyaka da ita. In ka tsaya a bakin gari ka duba, ja wur har iyakar ganinka, ba ka iya nuna inda kakanka ya yi noma. Abin da ya rage a hannun mutum kati ne mai lamba. Damina ta zo ta wuce ba mu sa iri ba. Wata ta zo ta wuce. Na mutanen Maradun ya fi namu, su ruwa ne ya ci garuruwansu. 'Yan'uwana na wajen Bakura kuwa fadama ce ta daina cika. Ranar da aka zo wa manoma da bindigogi ba zan taɓa ta ba, akwai waɗanda suka fi ni haƙƙin faɗa.

Kakanku ya rasu a tsakiyar wannan jira. Ciwon ciki. Da aka zo rubuta masu gonaki yana kwance, ya san ba tashi zai yi ba, sai ya ce a sa sunan ubanku a katin. Yaro ɗan aji shida. Ya bar ni da uku: ubanku, gwaggonku Rabi da ke bi masa, da Auta wanda bai daɗe da yaye ba. Na fita takaba rumbu ba ko zangarniya. Sai na koma sana'ar da na taso na gani, dillanci. In shiga gidajen kulle in karɓo zane, tasa, kwalla, 'yan kunne, in kai wani gida in sayar, a ba ni la'ada. Kaya ba su yi wuya ba a shekarun nan, kowace mace tana fitar da na ɗakinta. Mai saye ne ya yi wuya. Wadda ba ta iya baki ba sai ta dawo da kayanta kamar yadda ta fita da su.

Ƙanen kakanku, Bawa, wanda kuka sani da Alhajin Gusau, lokacin yana kawo wa ma'aikatan dam hatsi da man gyaɗa, ya fara ajiye tumbi. Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Shi ya yi wa yayansa likkafani. Ɗan kasuwa ne kawai. Ya hango cewa ranar da ruwa ya fara gudu a hanyoyin nan, gonar da za ta yi noma rani da damina ta fi ƙarfin kuɗi. Masu hali da yawa sun hango haka, suna ta karɓar katunan mayunwata.

Wata ranar kasuwar Mafara direban motar Gusau ya aiko mana da ambulan da ƙunshi daga Bawa. Ba ni aka aiko wa ba, sunan ubanku ne a baya. A cikin ƙunshin takalmi ne sau-ciki, baƙi, da biro. Yaron da bai taɓa sa komai a ƙafa ba sai na taya. Da la'asar ina tsince tafasa na ce ya karanta mu ji. Ya miƙe tsaye a tsakar gida kamar a gaban malaminsu.

"Zuwa ga ɗana, magajin yayana, babban gida."

Gaisuwar ta yi tsawo. Ta gaishe ni, ta gaida Rabi, ta tambayi jikin Auta. Na ji bakina yana amsawa, lafiya lau, madalla, kamar mutum ne zaune a gabana. Haka muke yi wa takarda a lokacin. Kafin a iso ga maganar ka riga ka yi ta cewa madalla, sai ka ji kunyar canza baki. Sannan maganar ta zo. Wai ya ji labarin ƙwazon yaron a makaranta, irin wannan kai bai kamata ya ruɓe a ƙauye ba. Ya riga ya nema masa gurbi a sakandare a Gusau, ci da sha da tufafi duk a wuyansa. Gona kuwa katafila ta kwashe namanta, kowa ya sani, kuma yaro ba zai iya ja da ma'aikata ba. Ya kawo katin, su je gaban maigari ya dangwala yatsa a mayar da sunan Baffansa, ya riƙe masa. A yi kafin wata ya mutu, don gurbin akwai masu nema.

"Kai ne namiji a gidan nan yanzu. Na san ba za ka kunyata ubanka ba."

Da ya kai nan ya sauke takardar. Na ɗaga kai na dube shi, fuskarsa tana walƙiya. Ban taɓa ganin ta haka ba. Sai kun gane wani abu. Ni ban taɓa yabonsa ba. Ba a yi. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka sakar masa fuska a gaban mutane, balle ka ce ya yi ƙoƙari. Ubansa ma haka ya riƙe shi. Yaro ya kai wannan girma ba wanda ya taɓa ce masa kai wani ne, sai ga takarda daga birni ta faɗa masa duka a yini ɗaya.

Rabi ta ce, "Inna, ni ba a aiko mani komi ba?"

Ya ce, "Ke karatu kinka iya? Har yau da yatsa kike bin layi."

"Yatsan nawa ne ai."

Na ce, "Sake karantawa. Wanga karon kar ka yi mata murya. Karanta awa mai ƙirga kaji."

Ya sake, ransa bai so ba. Da aka cire mata murya na ji ta sarai. Ban san harafi ko ɗaya ba, amma na san wannan tafiyar, ita nake yi kullum daga hantsi zuwa azahar. In na ɗauko tasa mai tabo a gindi ba na ƙarya. Cewa nake dubi murfinta, ji ƙararta, irin wannan ba ta zuwa yanzu. Babban yatsana yana kan tabon. Ina kiran matar da sunan da take so, Hajiya ko ba ta je ba. Ina ba ta ta riƙe, don abin da ya ji ɗumin hannu mayar da shi wuya ne. Ina cewa matar liman ta ce a kai mata in ba ki so. Bawa bai bar ko ɗaya ba. Takalmin shi ne riƙe ki gani.

Na ce, "Baffanka ya ɗora yatsa bisa wani wuri. Nemo shi."

"Wane yatsa, Inna? Ina ƙarya a ciki? Katafila ba ta kwashe ƙasar ba?"

"Ta kwashe."

"Babu makaranta a Gusau?"

"Mai yiwuwa akwai."

"To mi?"

Ni ba mai dogon bayani ba ce. Kuma na san in na ce kada ka je, na zama abin da takardar ke jira in zama, jahilar mace mai tare wa ɗanta hanya. Katin yana ƙasan kwallata, amma sunan nasa ne. Ranar da ya ga dama zai tsaya gaban maigari, Baffansa a gefe, ba mai tambayata. Kwanakin da suka biyo baya yana yawo cikin takalmin nan a tsakar gida, yana ɗaga ƙafa kamar zakara a laka, in ya cire ya goge da haɓar riga. Rabi tana bin sa tana kwaikwayo. Ni ina kallon wata yana raguwa. Ɓoye kati ba zai yi ba, duka ba zai yi ba. Sai ya gani da idonsa.

Muna da akuya ɗaya da ta rage, ja, mai faɗin baya, gashi na sheƙi. Juya ce. An kai ta wurin bunsuru har mun gaji, ba ta taɓa ɗauka ba. Ina ajiye da ita don ranar da ba makawa. Wata safiya na ce su yago falle biyu daga littafinsu, kowa ya rubuta wa Iya Tumba takarda a Dakko, ya sa ta sayi akuyar nan. Iya Tumba ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta rene ni, tsohuwa mai 'yar tunkiyarta a bayan ɗaki. Ubanku take kira angonta. Sharaɗi ɗaya na sa musu: ba ƙarya, ko ƙarama.

Rabi ta gama kafin in gama shara. Ta karanta da ƙarfi.

"Iya, muna da akuya. Tana da kyau. Ba ta haihuwa amma tana da hankali. Ki saya."

Ubanku ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin rasuwar.

"Ke, wa zai sayi hankalin akuya?"

"To malam, mu ji taka."

Tasa ta ci yini. Ya zauna a gindin bango yana rubutu yana sokewa, yana tashi yana zagaya akuyar. Can ya tambaye ni daga nesa ko uwar akuyar tagwaye take haihuwa. Na ce tagwaye. Ya koma. Da ya tashi karantawa na ajiye abin da ke hannuna. Ya fara da zuwa ga amaryata. Ya tambayi ƙafarta mai ciwo. Ya ce akwai akuya a gidanmu, 'yar waccan mai tagwaye da Iya ta sani, ta cika ta batse, gashi kamar an shafa mai, ba ta taɓa ciwo ba. Ya ce mahauta suna leƙowa, amma shi ba ya son wuƙa ta hau irin wannan jini, ya fi son ta je hannun wadda ta san kiwo. In Iya ta amsa kafin kasuwa mai zuwa, shi da kansa zai jawo ta. Na bi maganar daga farko har ƙarshe. Ba ƙarya ko ɗaya.

Rabi ta ce, "Ni ma na ji ina son in saye ta."

Shi kuwa yana tsaye yana murmushi, yana jiran in ce wani abu. Na karɓi takardar na ninke na ƙulle a haɓar zane.

Ya ce, "Ai ba aikawa za a yi ba, ko?"

Na ce, "Je ka wanke wa Auta ƙafa."

Na ba wata mai ƙuli-ƙuli da ke zuwa Dakko takardar. Abin da na zata, tsohuwa za ta aiko a kawo, in ce masa ka gani, shi ke nan. Amsar ta dawo a bakin matar ranar kasuwa. Iya ta ce a gaida angonta. An karanta mata takardar a zaure, kowa ya yaba. Ta riga ta sayar da tunkiyarta mai ciki, a jawo akuya. Tunkiyar nan ita ce duk abin da Iya ke da shi. Wannan ban hango shi ba. Ubanku yana tsaye ya ji, kamar an dasa shi.

"Ke kinka aika."

"Kai ne ka rubuta."

"Yanzu mi za a yi?"

"Gobe ka tafi Dakko. Ba da akuya ba. Ka faɗa mata da bakinka."

Ya fita da sassafe, takalmin Bawa a ƙafa. Ya kwana can, ya dawo washegari da la'asar da takalmin a hannu, dugadugansa duk bororo. Bai yi mini magana ba. Rabi ya gaya wa a bakin murhu, ina ɗaki ina ji.

"Mi tac ce?"

"Tac ce ba komi, angona."

"Ba ta yi faɗa ba?"

"Fura ta dama mani. Tac ce in karanta mata takardar da bakina, wai ɗan maƙwabta bai iya ba."

"Ka karanta?"

Na ji ya tura itace cikin murhu.

"Na karanta."

Tunkiyar ba ta dawo ba, mai saye ya wuce da ita. Sayarwar gaggawa ce, abin da Iya ta karɓa bai isa wata irinta ba. Na yi ta kai mata abin da na samu, amma har ta rasu ba ta sake kiwo ba. Wannan tsakanina da ita ne, ba naku ba.

Daga nan duk takardar da ta shigo unguwarmu sai ta bi ta hannun yaran nan, don masu boko ba su da yawa. Lokacin siyasa ta kunno kai, ga takardun masu neman ƙuri'a, ga na masu neman kati, ga ta mai maganin da ke warkar da komai. In an kawo sai in zaunar da su. Rabi ta karanta da yatsanta, shi ya saurara. Na hana su amsa gaisuwar takarda. Ba na tambaya da yawa, in an gama in ce ina ya rufe. Rabi takan ce, bai faɗi ranar biya ba. Ko ta ce, wai kowa ya yarda, amma bai kira sunan ko mutum ɗaya ba. Ita ta mai da abin wasa, har Auta take tambaya ina ka rufe in ya ɓoye ƙosai. Ubanku ba ya wasa da shi. Ya daina karatu da murya mai daɗi. Ko gaisuwa ce sai ya bi ta a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. Mutane suka fara cewa yaron nan yana kashe wa takarda gishiri.

Akwai maƙwabcinmu Baba Nomau, tsoho mai iyali da yawa. Ya kawo tasa, wani mai shago a Mafara ne ke neman katinsa. Yaran suka karanta, Rabi ta nuna masa duk inda aka rufe, tana jin daɗin kanta. Ya saurare ta har ta gama, ya gyaɗa kai.

"Na gani, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka. Amma ciki bai iya karatu ba."

Washegari ya je ya dangwala. Ubanku ya bi shi da ido har ya sha kwana.

Takarda ta biyu daga Bawa ta zo wata yana gab da mutuwa. Wannan bai karanta a tsakar gida ba. Ya tafi bakin sabuwar hanyar ruwa, busasshiya, ya zauna shi kaɗai. Da ya dawo ina daka. Ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Na gani, Inna."

Ban daina daka ba.

"Bai ce yaushe zai maido ba. Bai ce gonar ta mu uku ce ba, ni ɗai shika kira. Inda yac ce kar in biye wa shawarar cikin ɗaki, ke shika nufi."

"To."

"Amma makarantar gaskiya ce. Na tambayi hedimasta, yac ce akwai ta. Yac ce zan iya."

Na tsayar da taɓarya.

"Na san akuyar juya ce, Inna. Kuma ina son ta."

Wannan ne ban shirya masa ba. Na ɗauka in ya ga inda aka rufe sha'awar za ta mutu. Ba ta mutu ba. Da ban koya masa ba da ya tafi yana murna, bai san abin da ya bayar ba. Yanzu ko ya tafi ko ya zauna, da sani zai yi, kuma kowanne da ciwonsa. Na shiga ɗaki na buɗe kwalla na ɗauko katin na miƙa masa.

Na ce, "Sunanka ne. Abincin Rabi da Auta ne. Ba ni da abin ƙarawa."

Ku ji da kyau, ku masu cewa na hana. Tun daga ranar a hannunsa katin yake.

Bawa ya gaji da jiran amsa ya zo da kansa wata Juma'a, a cikin a-kori-kura, da gero a baya. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Tsakanina da shi akwai wasa, ƙanen miji ne. Na gaishe shi daga ƙofar ciki.

"Matar yaya, kin rame. Da kin yarda na gaje ki da yanzu kin yi wuya."

"Wa ke auren tulu? Bari ka fara ganin ƙafarka tukuna."

Ya yi dariya, ya sha ruwa, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya kira yaron. Ubanku ya zo ya durƙusa, ƙafarsa ba takalmi. Bawa ya lura.

"Magaji, shiru haka? Ko biron ya ƙare?"

"Shina nan, Baffa."

"To ga mota. Mu biya gidan maigari, gobe war haka kana Gusau."

Rabi tana maƙale da zanena. Ina ganin tudun katin a aljihun rigar ubanku.

"Baffa, in yi tambaya?"

"Yi, ɗana."

"In ban ba da katin ba, makarantar tana nan?"

Bawa ya dubi ƙofar da nake tsaye. Ya gyara hula. Zan ba shi wannan, bai yi wa yaron ƙarya ba.

"Ɗana, ni ma ina da ɗiya. Hannu guda ba ya ɗaukar jinka. Ka kama mani in kama maka."

"In na gama karatun, za a maido wa su Rabi?"

"Wanga kuma sai abin da Allah ya yi."

Ubanku ya tashi ya wuce ni ya shiga ɗaki. Na ɗauka kayansa zai ɗauko. Wallahi haka na ɗauka, kuma da da su ya fito ba zan tare ƙofa ba. Ya fito da takalmin, a goge, ya ajiye a gefen tabarma.

"Sun matse ni, Baffa. A ba wani."

Bawa ya miƙe. Ya juyo gare ni, ba wasa a muryarsa.

"Kin kashe yaron ga. Wanga kai za ki sa shi ƙare cikin laka."

Na ce a gaida mutanen gida. Geron ya bar mana, na faɗa muku ba mugu ba ne. Amma bai sake aiko da takarda ba, ƙafarsa kuma ba ta sake taka gidan ba sai ranar auren Rabi.

Da aka mayar da gonaki tamu ta faɗo inda katafila ta fi ci. Fako. Ka sara fartanya ta yi tsalle. Abin da Bawa ya faɗa a kan ƙasar gaskiya ne. Ubanku ya gama aji shida ya ajiye littafi. Yana jigilar taki a jaki daga mashekarin Fulani, yana ƙwadago a gonakin waɗanda suka karɓi katunan maƙwabtanmu, har da wadda ta kasance ta Baba Nomau. Ɗan Bawa, sa'ansa, shi ya shiga gurbin, kun san inda ya kai. In ya shigo gari da mota ubanku yakan bi ta bayan gida ya tafi gona. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba mai. Auta ya kumbura, da ƙyar ya tashi. Sai da shekaru suka ja kafin ƙasar ta yi baƙi ta karɓi shinkafa. Da ita aka yi wa Rabi kayan ɗaki, ita ta kai ku makarantun da kuke zaune a ciki kuna cewa na hana. Ban ce ta biya ba. Ban sani ba ko ta biya. Shi bai taɓa faɗa mini ba, ni ban tambaya ba.

Shekarar da muka fara cika buhuna na je gonar ranar bugun shinkafa. Lokacin ya zama magidanci, babbarku tana goye. Na same shi yana ɗinke bakin buhu da basilla, bayansa duk ƙaiƙayi. Masu aiki sun tafi shan ruwa, ba kowa kusa. Na tsaya a kansa. Maganar ta daɗe a ƙirjina, na ce yau dai ta fita.

"Ka yi ƙoƙari. Da ubanka ya ga wanga, da ya ji daɗi."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Yana jira.

"Sai mi, Inna?"

"Shi ke nan."

Ya ƙara jira kaɗan, ko sauran zai fito. Da bai fito ba ya ce to, ya mayar da kansa kan buhu.

Ban sake gwadawa ba.